Tsohuwar Mota da Shan Mai: A Auna Kafin a Kwance Inji

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Daga nan kuka ɗaya ake ji a tashar Talata Mafara, a bakin masu Golf da Sharon da ke jigila zuwa Gusau da Sakkwato, da masu kwaso shinkafa da kayan lambu daga gonakin Bakolori ta Maradun da Bakura: mota ta fara shan mai. Wasu motocin da gaske sun ƙara sha. Wasu kuwa shan da suke yi ke nan tun da daɗewa, araha ce ta rufe musu asiri.

Shi ya sa kafin a nufi gareji ya kamata a auna. Yawancinmu da naira muke lissafi, "na dubu goma ba ya kai ni inda yake kai ni da," alhali kuɗin lita ba ya zama wuri ɗaya, allurar gejin tsohuwar mota kuma ba abin a rantse da ita ba ce. Ka cika tanki har fam ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar da mita ta nuna, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, sannan ka koma gidan man nan ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. In ka yi kilomita 300 ta karɓi lita 30, lita ɗaya tana kai ka kilomita 10 ke nan. In mitar ta mutu, taswirar waya za ta faɗa maka nisan. Masu motocin da suka fito daga Amurka su lura cewa mitarsu mil take ƙirgawa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne.

In awo ya tabbatar da ƙorafin, wurin da zan fara dubawa shi ne tamostat, wani ɗan marfi da ke tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Da wuya ka sami motar Beljiyam da ta shekara biyu a hannunmu da shi a jikinta. Bakanike zai ce, "Alhaji, wannan na sanyin Turai ne, mu zafi ke damunmu," ya cire ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Maganar tana da daɗin ji ga wanda ya san zafin Afrilu a Zamfara. Sai dai an ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma motar injekta tana da na'urar da ke shaida wa kwamfutarta zafin ruwa. Muddin ruwan bai kai ba, kwamfuta tana ɗauka yanzu aka tashi motar, sai ta ƙara mai, kamar yadda cok yake yi a motar kafireto. Motar da aka cire wa tamostat tana iya zuwa Bakura da safiyar hunturu ta dawo injin bai gama ɗumi ba. Rarar man nan ba ta tsaya ga aljihu kaɗai ba: tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka shi, ringi ya riƙa cinyewa da wuri. Motar da ke zafi, a nemi dalilin a lagireton da ruwan rijiya ya toshe, ko famfon ruwa, ko marfin lagireto da ya saki, ko fankar da ba ta tashi a kan lokaci.

Na biyu yana jikin salansa. Akwai na'urar da ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, domin inji yana son iska kashi 14.7 a kan kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi. In ta tsufa ko aka yanke wayarta, kwamfuta takan karkata ga ƙarin mai. A nan cinikin "indomi" ya shigo, wato matatar hayaƙin da ake fasawa a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Gaskiya ne indomin da ya toshe yana shaƙe mota. Amma sau da yawa wajen walda ake ƙona wayar na'urar, ko a bar ɓula a gabanta, iska ta riƙa shiga, ta ba da labarin ƙarya cewa mai bai isa ba. Fitilar gargaɗin inji da ya kamata ta tona wannan, wasu sun cire ƙwanta, wasu sun liƙe ta da baƙin salatif. Motocin kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da wurin jona na'urar bincike a kusa da sitiyari, kuma kuɗin jonawar bai kai na sassan da ake saye bisa tsammani ba.

Wanda motarsa ta girmi wannan zamani, kamar Fijo 504, filogi ne zai ba shi labari. Bakinsa in ya yi baƙi busasshe kamar gawayi, mai ya yi yawa, kafireto ko nozul ke ambaliya. In baƙin mai maiƙo ne, baƙin mai ke hawowa. Hayaƙi ma haka: baƙi na fetur ne, shuɗi na baƙin mai. Matatar iska kuwa, da ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye, ta fi cutar motar kafireto. A motar injekta ƙarfi take ragewa fiye da ƙara sha. Ko ta wace mota ce, kada a cire ta a bar inji yana haɗiyar yashi.

Akwai kuma abin da ba ruwan inji. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya, mai faci kuma sau da yawa da guduma ko yatsa yake awo. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko marfin tanki. Bayan tafiya ka kusantar da hannu ga kowace ƙafa: wadda ta fi sauran zafi, birkinta na kamawa. Ka duba ƙasan inda mota ta kwana, ka shinshina, don tiyo mai tsatsafo ba ya jiran a tayar da inji. Golf da aka yi wa mutum biyar, ranar kasuwar Talata za ka gan ta da mutum bakwai ko takwas, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Wannan ba ta da laifi in ta sha. Haka barin inji yana aiki ana jiran cikon fasinja, da take totur a sake taka birki tsakanin ramuka da shingayen bincike. Man ma ba kullum yake da gaskiya ba: a Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, balle na galan a gefen titi da babu mai duba shi.

Sai a ƙarshe ake zargin tsufa. Injin da ya yi kilomita dubu ɗari uku yana iya rasa matsi, ringi da bawul sun saki, ya zama sai an taka shi sosai kafin ya ja. Amma "sai an yi garambawul" ita ce magana mafi tsada a gareji, kuma tana saurin fitowa. Ka nemi a ɗaura gejin matsi a ramin kowane filogi a gabanka. In silindojin sun zo kusa da juna, babu wadda ta faɗi ƙasa sosai, kada a kwance inji. A mayar da tamostat, a gyara wayar salansa, a sa filogi na ƙwarai, a yi juye, ka sake cika tanki ka auna.