Hutun da Kano ta fara bai wa ma'aikata

Ranar 1 ga Mayu, in ka biyo Titin Zariya daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku, za ka tarar da bankuna da ofisoshi a garƙame. Ba kowa ya san cewa a duk faɗin Najeriya daga nan Kano aka fara wannan hutu ba.

Da jini aka sayi ranar. A 1886 leburorin masana'antu a birnin Shikago na Amurka suka ajiye aiki, suna neman a tsayar musu da shi awa takwas a wuni. Bam ya tashi a wurin taronsu, 'yan sanda suka buɗe wuta, daga baya aka rataye huɗu daga cikin jagororinsu. Mu ma a nan mun ɗanɗana: a 1949 'yan sandan Turawan mulki suka bindige masu haƙar kwal 21 a Inugu. Duk da haka, har muka kusa cika shekara ashirin da samun 'yanci, ba gwamnatin da ta ware wa ma'aikaci ranarsa.

Sai a 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci Kano, Muhammadu Abubakar Rimi ya zama gwamna. Da hawansa ya soke haraji da jangali. A lokacin Bompai da Sharaɗa cike suke da masaƙu da kamfanonin jima da na roba. Jiniya na kaɗawa, masu aikin dare su fito da ƙurar auduga a gashin ido, na safe su shige. A 1980 gwamnatin Rimi ta ayyana 1 ga Mayu ranar hutu. Ni dai ina ganin ƙarfin hali ne, don jiha ce ta yi gaban kanta.

Shekara na zagayowa, gwamnatin Shehu Shagari, abokiyar hamayyar PRP, ta mayar da shi hutun ƙasa baki ɗaya. Hutu kuwa bai cika tukunya ba. Ranar 11 ga Mayun 1981 ƙungiyar ƙwadago ta NLC, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta tsunduma yajin aiki, aka ƙare a kan mafi ƙarancin albashi naira 125.

Yau yawancin masaƙun nan sun yi tsit. A tashar Unguwa Uku kuwa, ranar hutun ma tun asuba ɗan kamasho yake kiran "Zariya! Kaduna! Saura mutum ɗaya!", ɗan dako na biye da shi da buhu a ka.