Kebur Ɗin Hamburki, Zariyar Tsohuwar Mota

Duk tsadar shaddar da mutum ya ɗinka, duk yawan aikin da ke gaban babbar rigarsa, abin da ke riƙe masa mutunci a cikin taro wata 'yar igiya ce da ba a gani. Zariya tana can cikin ƙubaka, ba a yi mata ado, ba mai tambayar kuɗinta. Aikinta biyu ne kacal: in an ɗaure ta riƙe, in an kwance ta saki. Ranar da ta ƙi ɗaya daga cikin biyun, ranar maigida ke tunawa da ita.

Haka kebur ɗin hamburki yake a jikin tsohuwar a-kori-kura, ko Peugeot 504 ce irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, ko tsohuwar Hilux mai jidar buhuna daga ƙauye zuwa Dawanau. Siraran wayoyin ƙarfe ne aka tufka su kamar igiya, aka zura cikin wani bututu mai lanƙwasuwa da aka lulluɓe da roba. Bututun nan shi ne ƙubakar. A yawancin irin waɗannan motoci, wayar kan tashi daga hannun da direba ke ja, ta bi ta ƙarƙashin bodi, jan ya rabu biyu, kowane reshe ya nufi tayar baya ɗaya, ya buɗa fatun birki su manne da bangon duram. In an saki, sifirin ne ke maido da komai mazauninsa. Ba ruwan wannan aiki da man birki, kuma nan darajarsa take: ko tiyo ya fashe, mai ya tsiyaye, ƙafa ta tafi har ƙasa, wayar tana nan. Manyan tireloli masu birkin iska nasu tsarin daban ne, haka tsohuwar Land Rover da hamburkinta ke kama wani duram a bayan giya. Magana a nan ta mai kebur zuwa tayoyin baya ce.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsakuwa ta daki robar, ko zafin salansa ya gasa ta, ko tsufa kawai ya sa ta tsattsage. Da damina mota ta ratsa rafi da taɓo, ruwa ya shiga bututun, ba shi da ƙofar fita. Da hunturu ƙura ta bi shi ciki. Tsatsa ta kama, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kauri, sai ta cike ɗan sararin da wayar ke zirga-zirga. Da a ce ana jan hamburkin kullum, da gogayyar yau da gobe ta riƙa karkaɗe tsatsar tun tana sabuwa. To amma direbobinmu da yawa sun saba su bar mota a giya, a sa mata dutse, a wuce. Wata ya bi wata ba a taɓa hannun ba. Wandon da aka tura ƙasan akwati da danshinsa, in aka ɗauko shi bayan shekara, zariyar ta riga ta manne da ƙyallen, in an matsa ja sai ta tsinke.

Cijewar kebur iri biyu ce. Akwai wanda ke cijewa a sake: a ja hannun ya ƙi tasowa, ko ya taso mota ba ta san an yi ba. Wannan ba ya ɓuya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cijewa a ɗaure. Direba ya sauke hannun, a ransa ya saki birki, alhali can ƙasa wayar ba ta koma ba, fata na nan tana gugar duram. Mota ta yi nauyi, ta fara shan mai, wani lokaci tana fizga gefe guda. Bayan tafiyar 'yan kilomita sai ƙauri ya taso kamar ana ƙona roba. In ka sauka ka kai bayan hannunka kusa da ƙarfen tayoyin baya, ba tare da ka taɓa ba, za ka ji ɗaya na hucin zafi ɗayar kuwa lafiya lau. Zafin nan yana ƙona fata ta yi sulɓi ta daina kamu, yana narkar da giris, yana kuma dafa man birki. Sabon mai irin DOT 3 an ƙayyade kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma wanda ya sha danshi ƙa'idarsa ta sauko zuwa 140, tsohuwar mota kuwa tsohon mai ne a cikinta. In mai ya tafasa, tururi ne ke cika layin, ka taka birki ka ji iska. Mai lodin doya da ke gangara Hawan Kibo ba shi da damar gano wannan a tsakiyar gangare.

Kafin a ruga Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen sabo, a tabbatar kebur ɗin ne mai laifi. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a tokare tayoyin gaba, a ɗaga baya, a ɗora ta kan ƙarfen tsayawa mai ƙwari. Jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne, bulon siminti kuwa rugujewa yake ba sallama. A sassauta notin daidaitawa, a zare kan kebur ɗin ta ɓangarorin biyu, a ja wayar da hannu. In tana sulɓewa gaba da baya ba gardama, matsalar tana wani wuri. A tsofaffin Toyota sau da yawa wani ɗan hannun ƙarfe ne da ke bayan farantin birki yake cijewa a kan fil ɗinsa. A cire shi, a kankare, a shafa giris, magana ta ƙare ba a sayi komai ba. Wani lokaci sifirin ne ya mutu, wani lokaci fatar ce ta manne da duram saboda doguwar ajiya. In an buɗe duram, don Allah kada a hure ƙurar da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin fatu da yawa da asbesto aka yi su, yana illa ga huhu. Tsumma mai danshi ya isa.

In kuwa wayar ce ta ƙi motsi, sai a duba ta a haske. Wadda bakinta kawai ya yi tsatsa, jikinta lafiya, ana iya rataye ta, a riƙa ɗiga mata siririn mai mai ratsa tsatsa, ana ja ana turawa har ta saki. Baƙin man inji da ake ɗura mata a wasu garejoji ƙura yake kira, wata biyu ta koma gidan jiya. Amma da zarar ka ga sili ɗaya ya tsinke ya miƙe kamar gashin bushiya, ko bututun ya kumbura, ko ya karye a lanƙwasa, to hukuncina ɗaya ne, a jefar. Kowa ya san zariyar da ta tsinke aka ƙulla: ƙullin ne zai maƙale cikin ƙubaka ranar da ake sauri, ko ya warware ranar da ake taro. Walda ma ba ta gyara ta, don wuta kashe ƙarfin wayar take. In bakanike ya ce, "Oga, bari mu lallaɓa ta," ka tambaye shi ko zai yarda ya kwanta bayan motar a kan gangare.

Wajen saye, a tafi da tsohon a hannu a gwada tsawo da kawuna. Na gwanjo a yi hattara da shi, da yawa daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara suke fitowa, cikinsu ya riga ya ci. In na hagu ya mutu, na dama tsaransa ne, gara a sauya su tare. A bi da sabon ta hanyar da tsohon ya bi, a mayar da kowane maƙalli, a nisanta shi da salansa, a bar masa ɗan sarari don lokacin da lodi zai danne mota. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaure notin kebur tamau don a rufe cinyewar fata. Fatun ake fara daidaitawa, sannan kebur. In an ja, tayoyin biyu su ƙi juyawa; in an saki, su juya da hannu ba gogayya. Daga nan a gwada a kan ɗan tudu, da kaya a baya.

Mutumin da zariyarsa ta lalace yana iya riƙe wando da hannu ya ƙarasa gida, amma ba wanda zai ce ya yi gyara. Mota mai dogaro da dutse haka take, sai dai hannun da ke riƙe ta ba na mai ita ba ne. Na yaron mota ne, wanda ke dirowa tun ba a gama tsayawa ba, ya durƙusa bayan taya mai ɗauke da buhu ashirin, ya cusa weji da yatsunsa. Ɗan wani ne, uwarsa na jiran dawowarsa. Weji abu ne mai kyau, a ci gaba da ɗaukarsa, amma ƙari ne a kan birki mai aiki.

Alhaji mai mota, in direbanka ya zo maka da maganar kebur, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, ka ba shi a ranar. Kai kuma Malam direba, in an sa sabo, ka riƙa jan sa duk inda ka tsaya, ko a filin tasha ne.