Shafin Makaranta, Lambar 404 da Adireshin da Ke Jikin Bana

Wata Asabar da hantsi ɗan ƙanwata ya kira ni, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. "Kawu, shafin ya mutu, kuma yau ake duba sakamako." Yaro ne da ya gama karatun kwamfuta, yana ɗan taɓa aikin gina shafukan intanet a nan Maiduguri kafin Allah Ya kawo mai gwaɓi. Wata makaranta mai zaman kanta ce ta ba shi kwangilar sabunta shafinta. Mako uku ya yi yana fama, janareto na shan mai, ya ɗora sabon aikin a daren Juma'a ya kwanta da murnarsa. Gari na wayewa iyaye suka fara latsa adireshin da aka saba tura musu ta WhatsApp, wanda kuma aka buga da manyan baƙaƙe a jikin banar ƙofar makarantar. Sai farin allo da lamba uku: 404.

Na same shi a ofishin shugaban makarantar, kwamfuta a cinya, yana ta gumi duk da fanka na juyawa. Shugaban dattijo ne mai sanyin hali, tambaya ɗaya yake ta maimaitawa: "Ɗana, jiya fa yana nan. Ina ya tafi?" Shi kuma yaron sai juyo masa allo yake yi, yana rantsuwa cewa a tasa kwamfutar komai lafiya lau yake buɗewa. Duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya yi irin wannan rantsuwa, kuma ya san ba ta taɓa sanyaya zuciyar wanda ya biya kuɗinsa ba.

Shafin bai je ko'ina ba. Lambar 404 ma shaida ce cewa gidan na nan da ransa. Idan ka latsa adireshi, wayarka tana aika saƙo ne zuwa wata kwamfuta da ba ta barci, wadda masu sana'ar ke kira saba, wasu kuma uwar garke. Ta ji sallamarka, ta amsa, sai dai ta ce babu mai wannan suna a gidan. Da ce tangarɗar a cikin umarnin shafin take, 500 za ta ce maka. Da cunkoso ne ya fi ƙarfinta, irin wanda ɗalibai suka sani a makon ƙarshe na rajista, sau da yawa 503 za ka gani. Ga mai gyara, waɗannan lambobi kamar ƙarar inji suke a kunnen bakanike.

A farkon al'amari adireshi da wurin ajiya abu ɗaya ne. Lokacin da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, tsakanin 1989 da 1991, kowane shafi fayil ne da aka rubuta aka ajiye a folda, adireshin kuma kwatancen inda yake ne. Kamar burodi a kan tebur: an riga an gasa, kowa ya zo iri ɗaya zai ɗauka. Amma makaranta mai ɗalibai ɗaruruwa ba za ta zauna ta rubuta wa kowane yaro fayil ɗinsa da hannu ba. Abin da ake so shi ne mai shayi, wanda sai ka zauna a benci ka faɗi yadda kake so sannan ya haɗa maka naka, na kusa da kai kuma a haɗa masa nasa.

Wannan haɗin shi ne aikin da ake yi a ɓangaren saba. Ana rubuta umarni da wani yaren kwamfuta, mafi yawa a irin waɗannan ƙananan ayyuka PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Uba ya saka lambar ɗansa, umarnin ya leƙa rumbun bayanai, ya ɗebo makin lissafi da na Turanci, ya jera su a shafi, ya miƙo. Kafin uban ya tambaya babu wannan shafi a duniya, bayan ya rufe ma babu shi. WordPress, da ya fito a 2003 kuma yau yake ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, da PHP aka gina shi, haka yake aiki.

To amma mai shayin nan yarensa daban ne. Adireshin da yake ganewa irin wannan ne: index.php?p=47&aji=3&zango=2. Gwada karanta wa mutum wannan ta waya kana cikin Keke Napep a shataletalen Post Office. Gwada ba da sanarwarsa a gidan rediyo. Shi ya sa aka samar da dabarar sauya adireshi. Wani Bajamushe, Ralf Engelschall, ya rubuta wani ƙari mai suna mod_rewrite a 1996, ya ba wa masu manhajar saba ta Apache kyauta a 1997. Aikinsa na maigadi ne. Baƙo ya zo ƙofa ya ce "sakamako/aji-3", maigadi ya duba takardar dokokinsa, ya juya ciki ya faɗa wa mai shayi da yaren da yake ji. Baƙo bai san an yi ba, adireshin da ke allonsa bai motsa ba.

Takardar dokokin maigadin ita ce ta ci amanar ɗan ƙanwata. Wani ɗan ƙaramin fayil ne mai suna .htaccess, kuma ɗigon nan da ke farkon sunansa yana sa kwamfutoci da yawa su ɓoye shi. Yaron ya kwashe duk abin da idonsa ya gani ya ɗora, wanda bai gani ba ya zauna a gida. Alamar wannan cuta ba ta ɓuya: shafin farko yana buɗewa sumul, duk wani na ciki kuma 404. Muka sa manhajar ɗora fayil ta nuna ɓoyayyu, ya tura shi, ƙasa da minti biyu sababbin shafuka suka tashi. Wani lokaci fayil ɗin yana nan amma kamfanin da ke ba da hayar saba bai yarda a yi aiki da shi ba, ko kuma sabarsu Nginx ce, wadda ba ta ma karanta .htaccess sam. Akwai kuma ƙanwar wannan matsala: Windows ba ta damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil ba, Linux da yawancin saba ke kai kuwa ta damu ƙwarai. Hoto.jpg da hoto.jpg mutum biyu ne a wurinta.

Shugaba ya yi hamdala, ya latsa adireshin jikin bana a wayarsa. Har yanzu 404.

Nan ne ainihin kuskuren yake, kuma ba na mantuwa ba ne, na rashin tunanin jama'a ne. Yaron ya gina sabon gida mai kyau, ya raɗa wa kowane ɗaki sabon suna, bai tambayi kansa ina tsofaffin sunayen suke yawo ba. Suna jikin bana, suna ƙasan katin sakamako na bara, suna cikin saƙonnin da iyaye suka adana, suna wurin Google. Berners-Lee da kansa ya yi ɗan rubutu a 1998 yana jan hankali cewa adireshi na gari shi ne wanda ba ya canzawa, amma har gobe kowane sabon mai kwangila sai ya share na wanda ya gabace shi, don a san an yi aiki.

Mutanen Maiduguri ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Bayan gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a ranar 26 ga Fabrairu 2023, ɗan kasuwar da ya fi asara shi ne wanda abokan cinikinsa suka zo suka rasa wanda zai ce musu ga inda ya koma. Mai dabara yakan bar yaro ko ɗan allo a tsohon wuri. A intanet allon nan iri biyu ne. Lambar 302 tana cewa na ɗan koma can ne, zan dawo, ka ci gaba da riƙe tsohon adireshi. Lambar 301 tana cewa na tashi ke nan, goge wancan ka rubuta wannan. Bambancinsu da aikin maigadin ɗazu shi ne a nan ana faɗa wa baƙo gaskiya, yana ganin adireshi ya sauya a allonsa. Google ma da 301 yake gane cewa sabon shafi magajin tsohon ne, ya mayar masa da martabarsa a sakamakon bincike.

Shawarar da nakan ba masu koyo ita ce su yi gwaji da 302 tukuna. Burauza tana haddace 301, idan ka yi kuskure ka tura jama'a wurin da ba shi ba, ko ka gyara wayoyinsu za su daɗe suna zuwa can. Haka kuma a kula kada doka ta farko ta tura baƙo wurin ta biyu, ta biyu ta maido shi wurin ta farko, ya yi ta zagaye kamar jakin rijiya har burauza ta gaji ta ajiye shi. Mu dai layi goma sha wani abu muka rubuta, kowane tsohon adireshi da magajinsa.

Akwai wata wahala da littattafan koyon aikin ba sa kawowa, don marubutansu ba su da ita. Ƙa'idar adireshi ta asali baƙaƙen Turanci kawai ta sani. Idan ka sa ƙ a ciki, za ta iya bayyana daidai a saman burauza, amma da zarar an kwafa an tura wa wani sai ta zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Adireshi ya yi tsawo kamar layin mai. Ni a nawa ganin, a sauke lanƙwasar a cikin adireshi kawai, a haɗa da lamba inda ƙasa da kasa za su rikice, amma a cikin rubutun shafi kada a taɓa ta. Wanda ya ga sunan ɗalibi ya koma alamar tambaya, to rumbun bayanansa ba a kan tsarin UTF-8 yake ba, ya gyara tun daga can. Masu rubutun Kanuri tasu ta fi tamu: baƙin nan da ke cikin fǝr, wato doki, yana da tagwaye biyu a kwamfuta masu kama ɗaya sak amma lambarsu daban. Sakatare ya shigar da suna da ɗaya, uba ya nema da ɗayan, kwamfuta ta ce ba ta san yaron ba. Umarnin da ke saba ne ya kamata ya mayar da su abu ɗaya kafin ajiya da kafin nema.

Yanzu ana yayin gina shafi ta yadda wayar mai karatu ce za ta sauke tarin umarnin JavaScript ta haɗa shafin da kanta. Ba na musun amfaninsa a inda ya dace. Amma garin nan ya ga Mayun 2013, lokacin da aka katse layukan waya na watanni bayan dokar ta-ɓaci. Ya ga Janairun 2021, da aka tarwatsa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, aka gyara a Maris, aka sake kayar da su cikin 'yan kwanaki, har sai da aka kai ga buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas ta megawat 50 a Maris 2023. Mutumin da ya saba biyan kuɗi a shagon caji, yake sayen data ta kwana ɗaya, da waya mai tsagaggen gilashi, bai kamata a ɗora masa aikin da saba za ta yi cikin ƙiftawar ido ba. A haɗa masa shayinsa a can, a miƙo masa kofi. Kuma da ruwan madatsar Alau ya shigo gari a ranar 10 ga Satumba 2024, shafukan da ke kan saba a Legas ko Turai ko gezau ba su yi ba. Wanda ya shiga uku shi ne mai kwafi ɗaya tak a kwamfutar da ruwa ya ci.

Kafin mu tashi na karɓi wayar shugaban, na buɗe sakamakon wani yaro, na sauya lambar ƙarshen adireshin daga 47 zuwa 48. Sai ga sakamakon wata yarinya, da hotonta da ranar haihuwarta. Dattijo ya cire tabarau ya dube ni. Gyaran adireshi kwalliya ce, ba ya kulle ƙofa. Dole umarnin da ke saba ya tambayi kowane mai shigowa ko shi wane ne, kuma ko wannan takarda tasa ce, sannan kada ya ɗauki abin da baƙo ya rubuta a adireshi ya zuba shi kai tsaye cikin tambayar da zai yi wa rumbun bayanai, don ta nan ɓarayi suka fi shiga. Tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma makaranta ma tana cikin waɗanda dokar ta hau kansu. Wannan gyaran ya cinye wa yaron sauran yinin.

Bayan la'asar, muna shan ruwan sanyi, na tambayi shugaban da sunan wa aka yi rajistar sunan shafin, tunda shi ma haya ne da ake sabuntawa, na .ng kuma a ƙarƙashin hukumar NiRA yake. Ya ce ai yaron da ya gina tsohon shafin ne ya yi komai, da imel ɗinsa. Ɗan ƙanwata ya duba, saura wata huɗu wa'adin ya cika. Shugaba ya lalubo lambar a wayarsa ya kira, muna jin muryar matar nan ta kamfanin waya tana cewa a kashe take. Ya ce ya ji an ce yaron ya koma Abuja, amma ya san gidan kakarsa a Gwange, gobe bayan azahar zai aika.