Ɗan Tsuntsu Mai Jan Kai Na Gaɓar Ostareliya

A can arewacin ƙasar Ostareliya da kudancin tsibirin Sabuwar Gini akwai wani ɗan tsuntsu mai shan zaƙin furanni, wanda masana ke kira Myzomela erythrocephala, watau mai jan kai. Wani Baturen Ingila masanin tsuntsaye, John Gould, shi ya fara bayyana shi a rubuce cikin 1840. Wanda ya san sha-kaucin ƙasarmu zai ce ɗan'uwansa ne, amma kama ce kawai, zuriyarsu ba ɗaya ba ce.

Tsawonsa santimita 12 ne, watau bai cika inci 5 ba, nauyinsa kuwa kamar giram 8. Bakinsa baƙi ne, siriri, mai ɗan lanƙwasa, harshensa kuma yana da geza a tsini don lasar ruwan fure. Namijin yana da kai ja wur, da jan gindin wutsiya, bayansa ƙasa-ƙasa ne, cikinsa ruwan toka. Jan ya tsaya ne daidai wuya, kuma da wannan ake rarrabe shi da wani danginsa wanda ja ya malalo masa har ƙirji. Tamatar ba ta da wannan ado, sai ɗan ja-ja a goshi da haɓa.

Mazauninsa shi ne kurmin mangurob, watau itatuwan nan masu tsirowa cikin taɓo da ruwan gishiri a bakin teku, irin waɗanda ke Neja Delta. Nan yake kiwo, yana tsalle daga fure zuwa fure, yana haɗawa da ƙananan ƙwari. Garin haka yakan kwashi ƙurar fure ya kai wa wata bishiya, ta sami barbara. Nan kuma yake saƙa 'yar sheƙarsa mai siffar ƙoƙo a cikin rassa, tamatar ta saka ƙwai biyu ko uku, farare masu ɗigon ja.

Ba a lissafa shi cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa ba, amma rayuwarsa a ɗaure take da kurmin. Tsakanin 2015 da 2016, fari da zafi da janyewar ruwan teku suka busar da mangurob fiye da hekta 7,000 a gaɓar Carpentaria, tsakiyar ƙasar wannan tsuntsu. Duk inda itatuwan suka mutu, abincinsa da wurin sheƙarsa sun tafi tare.