Allurar Insulin da Abinci: Kada Ka Raba Su

Ɗan'uwa, idan an auna jininka an ce kana da ciwon sukari, kuma likita ya sa ka fara allurar insulin, wannan takarda taka ce. A karanta ta a gaban mutanen gida, gama su ma suna da aiki a ciki.

Ciwon sukari ba sammu ba ne, ba kuma jifa ba. Har kyanwa da kare suna kamuwa da shi. A bayan tumbinka akwai wata gaɓa mai yin wani ruwa da ake kira insulin. Shi ne yake kwashe sukari daga cikin jini ya kai shi cikin naman jiki, ya zama ƙarfi. In ruwan nan ya gaza, sai sukari ya taru a jini. Shi ya sa kake yawan fitsari, ƙishirwa ba ta barinka, kana ci amma kana ramewa. Masu bincike a ƙasar Kanada ne suka fitar da wannan magani a shekarar 1921, suka fara gwada shi a kan karnuka. Allurar ba ta warkar da ciwon. Tana cika maka abin da jikinka ya rasa ne, don haka ba a barinta don an ji sauƙi.

Abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne mai yin allura bai ci abinci ba. Insulin da ya shiga jiki zai yi aikinsa, ko ka ci ko ba ka ci ba. In bai sami abinci ba, sai ya kwashe ɗan sukarin da ya rage. An taɓa kawo mana wani manomi a kan amalanke, bai san inda kansa yake ba. Ya yi allura da asuba, ɗumame bai yi zafi ba, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Waɗanda suka tsince shi sun zaci iska ce ta buge shi, har suka ɓata lokaci wajen yi masa turare. Da muka sa masa ruwan sukari ta jijiya, nan da nan ya buɗe ido.

Saboda haka kada ka yi allura sai ka ga abinci a gabanka. Irin insulin mai saurin aiki, wanda yake garau kamar ruwa, ana yinsa minti 30 kafin a ci. Ranar noma ko doguwar tafiya, ka tafi da guzuri, domin aikin ƙarfi yana saukar da sukari.

Ka san alamun faɗuwar sukari: rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa farat ɗaya, bugun zuciya, jiri, magana ba kan gado. In kana da na'urar awo za ta nuna ƙasa da 0.70, ko ƙasa da 70 a wasu na'urorin. Kada ka jira. Ka tsotsi ƙwayar sukari 3, ko ka dama ƙaramin cokali 3 na sukari a ruwa ka sha. Bayan minti 15, in ba ka ji daidai ba, ka ƙara. Sa'an nan ka ci abinci sosai. Kullum sukari ya kasance a aljihunka, ko coci za ka, ko masallaci, ko kasuwa. Mutanen gida kuma, in ya suma kada ku ɗura masa komai, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe, ku shafa masa ɗan zuma a cikin kumatu, ku kawo shi da sauri.

Game da abinci, ban ce ka bar tuwo ba. Na san abin da ke cikin rumbu shi za a ci. Ka ci sau uku a kan lokaci, kowace rana kusan awo ɗaya. Ka rage malmala, ka yawaita miya: kuka, kuɓewa, zogale, rama, yakuwa. Wake, gyaɗa, kifi da ƙwai suna da kyau. Fura da kunu, kaɗan, ba sukari. Lemon kwalba da shayi mai zaƙi ka bar su. Zuma ma sukari ce, ko da wani ya ce maka magani ce. In kana son yin azumi, ka zo mu yi shawara tukuna.

Zafin rana yana kashe ƙarfin insulin, ƙanƙara ma haka. In babu firji, ka sa kwalbar cikin leda ka ɗaure, ka ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa inda iska take ratsawa. Kwalbar da aka buɗe, a yi amfani da ita cikin mako 4. Irin mai farin gari kamar nono, ka murza shi a tafin hannu a hankali, kada ka girgiza. Ka duba lambar da ke jikin kwalba da ta sirinji. U-40 da U-40 suke tafiya, U-100 da U-100. In ka haɗa su daban, za ka yi wa kanka allura fiye da kima ko ƙasa da kima. Wurin allura kuwa, fatar ciki ko cinya, kana canja wuri kowane lokaci don kada fatar ta yi tauri.

In zazzaɓi ya kama ka, ko kana amai ba ka iya ci, kada ka tsayar da allura da kanka. Rashin lafiya yakan hau da sukari. Ka riƙa kurɓar ruwa da kunu, ka zo asibiti ranar nan. Haka ma in ka ga rauni a ƙafa, ko ƙaya ce ta soke ka. Ranar da aka ba ka ta dawowa, ka taho da kwalbar, da sirinjin, da katinka, tun maganin bai ƙare ba. Ka zo da mai dafa maka abinci ma, mu zauna mu uku.