Ƙibar da ta zama ciwo: abin da ya kamata ƴan kasuwar Damargu su sani kafin a kai ga aikin likita

Duk wanda ya saba cin kasuwannin Damargu, daga Gangara zuwa Tanut, Belbeji da Bakin Birji, ya san irin gaisuwar da ake yi wa mace idan an kwana biyu ba a gan ta ba, sai ta dawo ta cika zane. "Hajiya, lalle kasuwa ta karɓe ki!" Haka namiji idan ya ajiye teɓa, sai a ce Alhaji ya samu. A wajenmu rama ita ce abin tsoro, kuma muna da dalili: ƙasar da ta ga farar dango a 2004, ta ga yunwar 2005, ba za ta raina mai jiki ba. Har yau yaran da tamowa ke kamawa sun fi damun gidajen likita na wannan yanki. To amma a cikin rumfunan nan namu akwai wani ciwo da ke tafiya a ɓoye, mai shi na shan yabo a waje, yana kwana da nishi a ɗaka. Ga shi kuma labari ya iso ta wayar salula cewa akwai aikin da likitoci ke yi a rage wa mutum ciki, ƙiba ta zube. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje wannan magana a faifai.

Yaushe ƙiba ke zama ciwo?

Likitoci na da lissafin da suke kira IMC, kuma duk mai iya lissafin riba zai iya shi. A auna tsawo da mita, a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyin jiki da abin da ya fito. Misali, macen da tsawonta mita 1,60 ne, idan aka ninka za a samu 2,56. In nauyinta kilo 64 ne, lissafinta 25, nan ne nauyi ya soma wuce ƙa'ida. In ta kai kilo 77, lissafinta 30, Hukumar Lafiya ta Duniya na kiran wannan ƙiba. In ta kai kilo 90 ta shiga 35, in kuwa ta haura kilo 102 ta shiga 40, wato ƙiba mai tsanani. Ku dubi buhun hatsi mai kilo 100 da ƙarti biyu ke kamawa su ɗora a amalanke, irinsa ne gwiwoyi biyu ke ɗauke da shi dare da rana.

Wanda ba shi da sikeli, sai ya ari igiyar awo wajen tela ya auna ƙugunsa daidai cibiya. Mace in ta wuce santimita 88, namiji in ya wuce 102, to kitse ya taru a ciki, kuma shi ne ya fi jawo ciwon suga da hawan jini.

Matsalar ta game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas na fama da ƙiba, wato sama da mutum miliyan dubu.

Yadda mai ita ke rayuwa

Mai ƙiba mai tsanani ba ya bukatar a gaya masa, jiki magayi. Sallah ta koma a zaune. Hawan a-kori-kura ranar kasuwa sai an kama, wani direban ma sai ya nemi kuɗin mutum biyu. Ɗan kabu-kabu na hango ta zai kau da kai. Da dare ga minshari mai yanke numfashi, da rana ga gyangyaɗi a bakin kaya, har a yi mata kuskuren canji ba ta sani ba. Lokacin bazara matsematsi su saɓe. Wata haila ta rikice, haihuwa ta tsaya, a yi ta zargin kishiya. A hankali sarin kaya ya koma hannun yara, bashin da ke ƙauye ya gagara karɓowa, jari ya soma tafiya a sayen maganin ciwon gwiwa.

Kada a ce duk cin tsiya ne. Akwai gado, akwai haihuwa a kai a kai, akwai kuma yanayin sana'a: zama wuri ɗaya tun hantsi har la'asar, karin kumallo da fanke da shayi mai suga, da rana taliya ko shinkafa da mai, lemun kwalba don zafi, sannan tuwon dare a kwanta a kansa. Bincike ya kuma nuna wanda ya sha yunwa yana ƙarami ya fi saurin kamuwa da ciwon suga idan ya samu wadata da girma.

Sai kuma ƙibar da ake saye da kuɗi. Son cikar mace tsohon abu ne a ƙasar nan: Zabarmawa na da al'adar hangandi, Larabawan Azawak kuma an san su da ɗura wa ƴan mata nono da fura. Yau ƙwayoyi ne suka maye gurbi, waɗanda ake ce wa "sha ka fashe", ana sayar da su a faranti kusa da tumatir. Galibinsu iri biyu ne. Akwai siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne mai buɗe ciki da sa barci. Akwai kuma deksametazon, wanda ake kira deksa, shi ne ya fi haɗari: yana kumbura fuska da wuya da ciki, ya tsotse ƙafafu, ya tada suga da hawan jini, ya rage ƙarfin ƙashi. Wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. Wadda ta daɗe tana sha kuwa kada ta yanke shi rana ɗaya, don hakan na iya kayar da ita. Ta je likita ya rage mata kaɗan-kaɗan.

Mene ne aikin?

Da farko a bambanta shi da zuƙe kitse. Zuƙe kitse aikin ado ne, ana tsotse kitsen ƙarƙashin fata, ba ya maganin suga ko hawan jini, kuma shi ma yana da haɗari. Ba a manta da Stella Obasanjo ba, matar shugaban Najeriya na lokacin, wadda ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 bayan irin wannan aiki a garin Marbella na ƙasar Sifen. A 2009 kotu ta samu likitan da laifin sakaci. Idan matar shugaban ƙasa ba ta tsira daga hannun mai sakaci ba, ina ga mai sayar da atamfa?

Aikin ƙiba na gaskiya a jakar abinci ake yin sa, wadda mahauta ke kira tumbi. Wani likitan Amurka, Edward Mason, shi ya buɗe wannan hanya a wajajen 1966. Yanzu ba a tsaga ciki. Ana yin ƴan huji huɗu ko biyar, a zura kyamara da kayan aiki. Iri biyu suka fi yawa. Na farko, wanda likitoci ke kira silib, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na jakar a fitar, a bar siririya kamar ayaba. Abin da aka cire ya tafi ke nan, ba a mayarwa. A ɓangaren da ake cirewa ne jiki ke yin mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa kwaɗayi ke raguwa. Na biyu, baifas, ana ware ƴar jaka kamar ƙwan kaza a haɗa ta kai tsaye da hanji, abinci ya tsallake wani yanki na hanyarsa.

Tun 1991 ƙa'idar ita ce a yi wa mai lissafi 40, ko mai 35 da ke da ciwon suga, hawan jini ko yankewar numfashi a barci. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauto da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sugan da ya ƙi jin magani.

Ribar aikin da kuɗin da jiki ke biya

Aikin yana yi. Galibi mutum na zubar da kusan kwata ko sulusin nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Mai kilo 120 na iya dawowa 85 ko 90. Da yawa sugansu na sauka har a rage masu magani ko a dakatar. A ƙasar Suwidin an bi dubban mutane tun 1987, kuma sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi takwarorinsu da ba a yi wa ba tsawon rai da kusan shekara uku. A asibitocin da suka ƙware, mutuwa sanadin aikin ba ta cika wuce mutum ɗaya zuwa uku cikin dubu ba.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sannan abu mai laushi, sai bayan wata guda ko fiye a soma taɓa abinci mai tauri, shi ma ƴan lomomi. Ba sauran ɗaga ƙwaryar fura a kafa kai. Ruwa ma sai kurɓi-kurɓi, alhali jiki na bukatar aƙalla lita ɗaya da rabi a yini. Ku kwatanta wannan da zafin watan Afrilu a kasuwar Gangara. Akushin da ake haɗuwa a ci tare, da gidan biki inda ƙin cin abinci ke zama raini, duk sai an koyi sabon zama da su.

Akwai kuma ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙashi, waɗanda ake sha har iyakar rai, da gwajin jini lokaci-lokaci. A yankin da ƙarancin jini ya riga ya yi wa mata yawa, wadda ta daina shan su na iya gamuwa da kasala, mutuwar ƙafafu da rikicewar tunani. Ana son mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, maganar da dole a yi ta da maigida tun kafin tafiya. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, da muke sha kamar gyaɗa, na iya huda sabuwar jakar. Azumin shekarar farko kuwa, sai abin da likita ya ce.

Ƙibar ma tana iya dawowa. Shahararren ɗan ƙwallon Ajantina, Diego Maradona, an yi masa baifas a Kolombiya a 2005, ya zube har mutane suka yi mamaki, amma a 2015 sai da aka sake yi masa wani a Benezuwela. Shayi mai suga da lemun kwalba ba su san ƙaramar jaka ba, wucewa suke yi.

Nisan hanya

A nan ne lissafin mutumin Damargu ya bambanta da na mutumin Turai. Aikin na bukatar babban asibiti mai kayan kyamara da ɗakin farfaɗowa, shi ya sa masu hali ke nufar Tunis, Alkahira, Istanbul ko Indiya, inda kuɗin aiki da jirgi da masauki ke cin miliyoyin sefa. Babban haɗarin kuwa shi ne ɗinki ya yi yoyo ko jini ya daskare a jijiya, kuma hakan kan faru a kwanakin farko har zuwa ƴan makonni, lokacin da mai rahusar aiki ya riga ya sallami mutum. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon ciki mai tsanani, ƙarancin numfashi ko aman da ya ƙi tsayawa, ba abin jiran ranar kasuwa ba ne.

Saboda haka, kafin a sayar da shanu ko a kwashe adashe, a yi ciniki irin na ƴan kasuwa. Likitan nan aiki nawa irin wannan yake yi a shekara? Wane iri zai yi, don me? Kwana nawa za a zauna kusa da shi? In matsala ta taso, wa zai biya? Wane likita ne a Damagaram ko Yamai ya yarda zai ci gaba da dubawa? Ina za a riƙa samun bitamin, kuma nawa ne a wata? A karɓo takardar aikin a rubuce da Faransanci. Dillalin da ya ce a turo kuɗi ta waya ba tare da an nemi gwajin jini da na zuciya ba, a guje shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan a yi hattara da alluran rage ƙiba. Akwai na gaskiya, irin su Wegovy da aka amince da shi a Amurka a 2021, amma suna da tsada, kuma nauyi kan dawo idan an daina. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunsu sun shiga kasuwa.

Abin da ke hannunmu

Yawancinmu ba za mu kai ga wuƙar likita ba, kuma ba sai mun kai ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100, na sauko da suga da hawan jini, gwiwa ta ji sauƙi. A soma da zuwa gidan likita mafi kusa ko asibitin gunduma a auna nauyi, jini da suga. A rage sugan shayi, a bar lemun kwalba, a auna mai da cokali maimakon tuttulawa. A koma wa wake, kwaɗon zogale, kuɓewa da furar da ba a zuba wa suga ba. A tashi a zaga kasuwa da ƙafa maimakon aiken yaro, a yi tafiyar rabin awa da sanyin safiya.

Kira na ƙarshe ga magidanta da iyayen amare: yawancin matan da ke shan sha ka fashe gori suke gudu. Wadda kuma ƙiba ta riga ta kayar, ba dariya take bukata ba, rakiya zuwa likita take bukata. Idan likitocin da suka duba ta suka ce aiki ne mafita, kuma an shirya abin da zai biyo baya, babu abin kunya a ciki. Lafiya uwar jiki, ita ce kuma uwar jari. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwa, amin.