Yadda farar shat ta fito daga akwatin maza ta zauna a adakar mata

Duk wanda ya leƙa harabar babbar kotu da sassafe a Kano ko Kaduna ko Abuja zai ga lauyoyi mata sanye da farar shat a ƙarƙashin baƙar kwat. Haka abin yake a bankuna da ofisoshi da dama. Rigar ta zama ruwan dare, har ana mantawa cewa ta daɗe tana tafiya kafin ta iso hannun mata, kuma tafiyar ta haɗa da abin kunya da yajin aiki da asarar rayuka.

A Turai, ƙarnoni da dama farar riga ta lilin tufar ciki ce, aikinta tsotse gumi don kare manyan tufafin da ba a cika wankewa ba. Tun da fari ba ya ɓoye dauɗa, sai wanda ke da masu yi masa wanki ne kaɗai ke iya bayyana kullum da wuya da hannun riga fes. Daga nan farin ya zama shaidar wadata, daga baya kuma shaidar aikin alƙalami.

A 1783 mai zane Élisabeth Vigée Le Brun ta baje hoton Sarauniyar Faransa, Marie Antoinette, sanye da farar riga ta auduga mara nauyi. Jama'ar Paris suka ɗauka sarauniya ta tsaya an zana ta cikin kayan ciki, dole aka janye hoton. Duk da haka matan attajirai suka rungumi ɗinkin. Sunan irin wannan riga a Faransanci, chemise, shi ne tushen kalmar shimi da matan Hausawa ke amfani da ita har gobe.

Shat irin ta yau, mai kwala da jerin maɓallai, ta bazu tsakanin mata a Amurka wajen shekarun 1890, lokacin da 'yan mata suka fara tururuwa zuwa aikin koyarwa da buga tafireta da tsaron kanti. Dalilin karɓuwarta lissafi ne: siket ɗaya da riguna uku sun fi doguwar riga uku araha, kuma wanke shat ya fi sauƙi. Sai dai arahar tana da masu biyan kuɗinta. A 1909 dubban masu ɗinka waɗannan riguna a New York suka shiga yajin aiki kan ƙarancin albashi da tsawon sa'o'in aiki. Ranar 25 ga Maris, 1911, gobara ta tashi a masana'antar Triangle da ke birnin, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata baƙin haure, domin akwai ƙofar fita da ke kulle. Masifar ta tilasta wa jihar New York kafa sababbin dokokin kare ma'aikata.

Daga bisani fina-finai suka ba rigar kwarjini. Audrey Hepburn ta sa ta a fim ɗin Roman Holiday na 1953, sannan a bikin kyautar Oscar na 1998 Sharon Stone ta bayyana da farar shat ta kamfanin Gap a kan siket ɗin Vera Wang mai tsada.

Abin da ya zaunar da ita shi ne ba ta gaba da kowane launi. Tana shiga da baƙin siket a ofis, tana shiga ƙarƙashin abaya mai buɗaɗɗen gaba, tana kuma karɓar siket ɗin atamfa. Ga ma'aikaciyar da albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, riga ɗaya mai fuska da yawa jari ce.

Wajen saye, yadi ne farkon abin dubawa. Auduga tana shan gumi tana barin iska ta ratsa, amma tana saurin yamutsewa. Mai gaurayen poliyesta ba ta wahalar guga, sai dai tana riƙe zafi a watannin bazara. Ko a kanti ko a layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, ya kamata a ɗaga rigar a haske, in yatsu sun bayyana ta bayanta to shara-shara ce. A duba kuma kada tsakanin maɓallan ƙirji ya buɗe in an motsa hannu. Shimi mai launin fata ta fi fara ɓuya a ƙarƙashinta.

Kula da ita ma yana da ƙa'ida. Rawayar da ke fitowa a hammata haɗuwar gumi ce da sinadarin alminiyam da ke cikin wasu magungunan hana gumi, kuma bilic kan ƙara tsananta ta. Haka ruwan rijiya ko na burtsatse mai yawan sinadarin ƙarfe, in ya haɗu da bilic sai ya bar tabon tsatsa. Abin da ya fi shi ne a wanke ta ita kaɗai da zarar an cire, a goge kwala da bakin hannu da sabulu, a ɗauraye da bula kaɗan, wadda ke danne rawaya a ido. A lokacin hunturu a kwashe ta daga igiya da zarar ta bushe, kafin ƙura ta hau ta. Kada a goge ta da tabo a jiki, domin zafin dutsen guga yana zaunar da shi.

Ga 'yan kasuwa kuwa, haja ce da yayi ba ya wuce ta, amma ƙurar rumfa da hasken rana kan rage mata daraja tun kafin mai saye ya taya. Wanda ya rataye guda ɗaya don nuni ya adana sauran cikin leda, shi ke sayarwa a kan farashinta.